Cizon Ƙwaro da Man Ƙaiƙayi

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In akwai abin da ya cancanci wannan magana a rayuwar ɗalibi, to, cizon ƙwaro ne. Da zarar damina ta kankama, ciyawa ta rufe bayan ɗakunan kwana, kwatami ya cika ya batse, sai ka ga kowa ya zama makaɗin garaya, wannan na susar ƙafa, wancan na susar wuya, malami na ta bayani alhali kuwa rabin aji na can suna yaƙi da ƙaiƙayi. Ba mai zuwa asibiti saboda wannan, don kunya ma ba za ta bar ƙato ya tsaya gaban likita ya ce sauro ya cije shi ba. Abin da akan yi shi ne a biya ta kemis a ce, "A ba ni man ƙaiƙayi." Mai kemis ya miƙa hannu ya zaro wani ɗan bututu irin na man goge baki, a biya, a kama hanya. A kan wannan ɗan bututu nake so in yi magana da kai, mai karatu, domin na daɗe ina amfani da irinsa, na ga ranarsa, na kuma ga abin da manyan 'yan'uwansa suka yi wa mutum biyu da ke kusa da ni.

Ni dai tun ina yaro jinina ya haɗu da na sauro. In mun kwana mu biyar a tsakar gida, ni kaɗai zan tashi da kumburi ruɗu-ruɗu tun daga idon sawu har gwiwa. Kakata takan yi mini tsiya ta ce, "Maigida, jininka ne da zaƙi, shi ya sa kishiyoyina ba su barinka." Sa'an nan ta lakato man kaɗanya ta mulke ni da shi, ta ce in na sosa sai ta saɓa mini. Da na yi wayo na fara karance-karance, sai na tarar tsohuwa ta yi gaskiya wajen kiransu kishiyoyi, domin macen sauro kaɗai ke cizo, tana neman jini ne don ƙwanta ya nuna, namiji kuwa ruwan fure ya ishe shi. Zancen zaƙi ne bai tabbata ba. Abin da ke jawo sauro shi ne iskar da mutum ke fitarwa in yana numfashi, da ɗumin jikinsa, da warin fatarsa, kowa kuwa da irin nasa.

To, me ke kawo ƙaiƙayin? Hujin da bakin sauro ke yi bai taka kara ya karya ba. Yawunta ne matsalar. Kafin ta tsotsa sai ta tsarta wani ɗan yawu cikin fata, wanda ke hana jini daskarewa don ta sha a tsanake. Jiki kuwa da ya ji baƙon abu sai ya buga gangar yaƙi. Wasu ƙwayoyin halitta da ke gadi a cikin fata su saki wani sinadari da ake kira histamin, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, wurin ya tashi cikin 'yan mintoci, ya yi ƙaiƙayi. Wannan shi ne kumburin farko, ba ya kuma daɗewa. Akwai na biyu, wani ɗan ƙurji mai tauri da ke fitowa bayan wasu awoyi, ya kai ƙarfinsa wajen kwana ɗaya, ya yi 'yan kwanaki yana damun mai shi. Wanda sauro ya shekara da shekaru yana cizo, sau da yawa jikinsa kan saba, ya daina tayar da hankali. Dalilin da ya sa ke nan kakata ke kwana lafiya lau, yara da baƙi kuwa su sha wuya.

Susa tana da daɗi, ba mai musun wannan. Ɗan zafin da farce ke jawowa yakan danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma fa da ka ɗaga hannu sai ya dawo da ƙarfinsa, domin ka ƙara tsokanar wurin. A nan ne nakan tuna da cewa a Hausa sunan ƙaiƙayin jiki da na hatsi ɗaya ne, kuma dukansu kan masheƙiya suke komawa. Farce ya yage fata, ƙwayoyin cuta da ke zaune a ƙarƙashinsa su sami ƙofa, sai ga mugunya, sai ga ɓawon ƙurji mai launin zuma, wani lokaci har gyambo. A jikin yara irin wannan ƙurji mai mugunya yakan kai ga taɓa ƙoda bayan 'yan makonni, a ga yaro ya kumbura fuska, fitsarinsa ya yi duhu. Ko da ba a kai can ba, mu baƙaƙen fata duk inda ƙurji ya warke sai ya bar baƙin tabo da zai yi watanni bai gushe ba. Saboda haka neman abin da zai kashe ƙaiƙayi ba shagwaɓa ba ce, yana da dalili mai ƙarfi.

A shekarata ta farko a jami'a na san maganin da nake magana a kai. Na je karɓar maganin mura, sai mai haɗa magunguna, wani dattijo mai furfura, ya ga yadda nake ta kartar hannu. Ya ce, "Samari, wannan hannun naka ne ko na aro?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sauro ne." Ya kama hannun ya duba, ya tabbatar ba mugunya, ba inda ya fashe, sa'an nan ya ɗauko wani ɗan bututu ya nuna mini rubutun jikinsa da yatsa. Ya ce, "Karanta. Haidirokotizon, kashi 1 cikin 100. Riƙe sunan nan kamar sunan mahaifiyarka. In ka je saye aka ba ka wani mai wani suna, ko da kwalinsa ya fi wannan kyau, ka ce ba shi ka zo nema ba." A ranar na ɗauka faɗan tsofaffi ne kawai, amma na riƙe sunan, daga baya kuma na bi sawunsa a littattafai don in san abin da nake shafawa.

Ashe maganin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta zaune kamar hula, aikinta fitar da wasu sinadarai cikin jini, daga cikinsu akwai wanda ake kira kotisol, wanda ke taimakon jiki wajen jure wahala, yana kuma ja wa kumburi linzami. Haidirokotizon shi ne kotisol ɗin nan, sai dai an haɗa shi a masana'anta. Shi da danginsa ake kira sitiroyid. A 1948 wani likita a Asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata mai tsananin ciwon gaɓoɓi allurar kotizon, wanda abokin aikinsa Edward Kendall ya daɗe yana bincike a kai, cikin 'yan kwanaki matar da ba ta iya motsi ta miƙe. A 1950 aka ba su kyautar Nobel su biyu tare da Tadeus Reichstein na ƙasar Suwizalan. A 1952 kuma wasu likitocin fata biyu, Marion Sulzberger da Victor Witten, suka ba da rahoton cewa in an shafa haidirokotizon a fata yana kwantar da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Duk da haka sai da aka yi shekaru kafin hukumomi su yarda a sayar wa mutum ba da takardar likita ba. Amurka ta yarda da mai ƙarfin rabin kashi 1 a 1979, mai kashi 1 cikakke kuwa sai a 1991. Ingila ta yarda a 1987. Dubi tsawon wannan jira, a kan mafi rauni ke nan cikin dangin.

Yadda yake aiki shi ne, in an shafa sai ya ratsa fata ya shiga cikin ƙwayoyin halitta, ya hana su ƙera sinadaran da ke rura wutar kumburi, ya kuma tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da suka buɗe. Watau dai mai sulhu ne da ke cewa sojojin jiki su mai da wuƙa kube. Wannan aiki yana ɗaukar awoyi, don haka wanda ya shafa yana jiran ƙaiƙayi ya ɗauke nan take zai ce maganin jabu ne. Ga kumburin farko, ruwan sanyi ko ƙanƙara a cikin ƙyalle na minti goma sun fi shi saurin taimako. Shi amfaninsa yana ga wancan ƙurji na biyu mai hana barci. Sa'an nan a lura da wannan, domin shi ne ƙashin bayan maganata duka: ba ya kashe komai. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya kashe dafi. Sojoji kawai yake kwantarwa. In ba abokin gaba a wurin sai ɗan yawun sauro, to, madalla. In kuwa akwai, ka kwance wa maigadi makami ke nan ɓarawo na cikin gida.

Ga yadda dattijon nan ya koya mini, haka kuma na tarar a rubuce. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a tsane. A shafa kaɗan, shafe-shafe, a kan cizon kaɗai, sau ɗaya ko sau biyu a yini. Likitocin fata suna da ma'auni mai sauƙi: in an matso man daga kan yatsa manuniya zuwa gaɓar farko, wajen rabin giram ke nan, ya isa ya rufe fili mai faɗin tafin hannu biyu na babban mutum. Ka ga ashe cizo ɗaya bai buƙaci abin da ya wuce ƙwayar dawa ba. Kada a wuce kwana bakwai. Kada a sa a inda ya fashe ko yake fitar da ruwa ko mugunya. Kada a kai shi fuska, balle kusa da ido, ko al'aura, sai in likita ya ce. A Ingila ba a so a shafa wa yaron da bai kai shekara 10 ba sai da shawarar likita. In ƙaiƙayin ya yi yawa a wurare da dama, akwai ƙwayoyin sha masu danne histamin, sai dai tsofaffin irinsu suna sa barci, ba na mai shiga jarrabawa ko mai tuƙi ba ne. Ruwan kalamin, mai bushewa ya bar fari a jiki, shi ma yana sanyaya wuri. Mafi yawan cizo ma ko an ƙyale shi zai baje da kansa cikin 'yan kwanaki, muddin an yanke farce.

A kan wannan ƙa'ida na shekara uku ina amfani da shi, bututu ɗaya kan kai ni damina guda har ya yi saura, ƙafafuna kuwa sun huta da sababbin tabo. Amma akwai abubuwan da ba nasa ba ne, na farkonsu zazzaɓi. Sauron da ya bar maka ƙaiƙayi yana iya bar maka abin da ya fi ƙaiƙayi, tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a Indiya. Ƙwayar nan tana shiga jini ta wuce hanta, ba ruwanta da abin da ka shafa a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 249 a duniya, mutum 608,000 suka rasu, Nijeriya kaɗai ta ɗauki kashi 27 cikin 100 na kamuwar da kashi 31 na mace-macen. Wanda ya sayi man ƙaiƙayi ya bar gidan sauro a ƙasan akwati, ya saki reshe ya kama ganye.

Haka nan kuɗin cizo, abokin zaman ɗakunan kwana, wanda ke jera cizonsa a layi kamar mai shuka. Man zai rage maka ƙaiƙayin jiya, amma masu cizon suna nan a ɗinkin katifa da tsagar gado, suna iya yin watanni ba su ci ba suna jiranka ka dawo hutu. Maganinsu tafasasshen ruwa da rana da toshe tsaga, a kuma yi hattara da fiya-fiya, guba ce, ba ta jiki ba ce, ba kuma a fesa ta a rufe ƙofa a kwanta. Hangara ita ba cizo take yi ba, ruwan jikinta ne ke tayar da bororo. Haka wani siririn ƙwaro mai baƙi da ja da ke bin hasken fitila, wanda a Gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi, in ka murje shi a fata sai ka wayi gari kamar an ɗiga maka wuta. Irin waɗannan hure su ake yi, in kuwa an riga an murje, a wanke da sabulu nan da nan. Zuma in ta yi harbi takan bar ƙarinta, a kankare shi da sauri. Idan kuwa bayan harbin zuma ko rina mutum ya fara kumburin leɓe ko harshe, ko borin jini ya rufe shi, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe shi, to, ba zancen shafe-shafe, a ruga da shi asibiti, allurar adiranalin ce ke ceton rai a nan, mintoci kuma suna da tsada. Harbin kunama ga ƙaramin yaro shi ma na asibiti ne. Cizon da ya koma zafi maimakon ƙaiƙayi, yana faɗaɗa, ya tayar da kaluluwa ko ya zo da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, man nan ƙara mata ƙarfi zai yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kama da wane ba wane ba ne. Dangin sitiroyid na shafawa hawa-hawa ne. A Ingila an kasa su aji huɗu, a Amurka aji bakwai. Haidirokotizon yana can ƙasan tsani. Sama da shi akwai irin su betametazon, a can ƙoli kuma akwai kilobetasol, wanda ƙarfinsa ya ninka na haidirokotizon sau ɗaruruwa. An yi waɗannan ne don manyan cututtukan fata masu taurin kai, likita ya rubuta, ya sa ido, ya ƙayyade kwanaki. Amma a kantunanmu duk a jere suke a kanta ɗaya, bututunsu iri ɗaya, sunansu a bakinmu ɗaya, man ƙaiƙayi. Daɗin daɗawa ga wanda ake yi wa kirari da mai aiki uku, watau an haɗa sitiroyid mai ƙarfi da maganin makero da maganin ƙwayoyin cuta a bututu guda. Mai saye yana ganin ya jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya. Shi ya fi shiga, domin yana kashe ƙaiƙayi a dare ɗaya, ko wane iri ne, kuma duk wanda ya ji daɗinsa sai ya yi wa maƙwabcinsa kwatance.

Abokin ɗakina shi ne na farko da na ga abin a jikinsa. Wani ɗan zagaye mai ƙaiƙayi ya fito masa a cinya, ya ce cizon ƙwaro ne, ya sayo ɗaya daga cikin masu ƙarfin nan. Kwana biyu ƙaiƙayi ya ɗauke, ya riƙa yi mini dariya yana cewa nawa na yara ne. Na ce, "Abokina, cizon da ya yi zobe, yana faɗi ta gefe tsakiyarsa na warkewa, ai makero ne." Ya ce in bar shi da likitancin ɗakin karatu. Da ya daina shafawa sai abin ya dawo ya fi da, ya koma ya shafa, ya lafa, ya daina, ya dawo. Haka aka yi ta yi har zangon karatu ya ƙare. Kafin mu dawo hutu abin ya mamaye cinyoyi biyu har mara, zoben ya ɓace, ba ka ce makero ba ne. Tun 1968 wasu likitoci biyu a Ingila suka yi wa wannan hali suna, ma'anarsa makero mai ɓad da kama. Sai da likita ya kankari fatar aka duba a madubin ƙara girma kafin a gane shi, ya sha ƙwayoyi na makonni ya warke. Amma fatar wurin ta riga ta yi laushi ta tsage, nankarwa ta fito masa jajaye kamar ta mai ciki. Likita ya gaya masa gaskiya, launin zai dushe, amma tsagar ta zauna ke nan.

Na biyu ya fi taɓa mini zuciya. Na je hutu gidan yayata, na tarar 'yarta, jaririya 'yar wata takwas, ta yi kumatu ɓul-ɓul, fuska kamar wata daren sha huɗu, ta kuma yi haske. Duk wanda ya shigo sai ya ce tubarkalla, yarinya ta samu nono. Ni ma na ɗauke ta ina yi mata wasa, sai na lura hannuwanta da ƙafafunta ba su bi fuskar ba, ga wani gashi-gashi a goshi da baya, ga 'yan jijiyoyi suna nunawa ta cikin fatar cinya. Da aka yi mata wanka da yamma sai na ga Yaya ta ɗauko bututu ta matsa cikin man shafawar yarinyar, ta cakuɗa, ta mulke ta tun daga wuya har tafin ƙafa, ta ƙara wani a mazaunai, ta ɗaura kunzugu. Na karɓi bututun na karanta. Kilobetasol ne a sahun farko.

Na ce, "Yaya, tun yaushe ake shafa mata wannan?" Ta ce, "Tun farkon damina da sauro ya tasa ta gaba. Wata maƙwabciya ce ta ba ni sunansa. Ka ga ko ƙurji ɗaya babu." Na lissafa, wata uku ke nan. Na ce, "Yaya, don Allah gobe mu kai ta asibiti, mu tafi da bututun." Ta dube ni ta ce, "Kai dai da boko. Yarinya na ƙiba ka ce asibiti?" Ban yi gardama da ita ba, na bari maigidanta ya dawo na yi musu bayani tare, na nuna musu hannuwan da kumatun. Shi ya ce a je, in ba komai ai ba a yi asara ba.

Likitar yara da ta duba ta ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce fatar jariri siririya ce, kuma tana da faɗi in an gwada da nauyinsa, ga kunzugu yana rufe wuri ya sa ɗumi da laima, sai maganin ya riƙa shiga jini kamar ana ba ta a cokali. Kumatun nan ba ƙiba ba ce, alamar sitiroyid ne ya yi yawa a jiki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ta ce kada a kuskura a tsayar da shi rana ɗaya. Waɗancan 'yan huluna na kan ƙoda, da suka ga kotisol na shigowa daga waje, sun yi barci sun daina nasu, in aka yanke kwatsam yarinya na iya faɗuwa, musamman in zazzaɓi ya same ta. Sai da aka bi a hankali ana ragewa bisa tsarin da ta rubuta, ana komawa awo, wata da watanni, kafin fuskar ta saɓe, yarinya ta dawo kamanninta. Yau tana gudu tana ɓarna kamar kowane yaro. Yaya kuwa har yanzu in ta ga bututu a hannun wata mai goyo sai ta karɓa ta ce a kira mata wanda ya iya karatu.

Akwai wata ƙofa kuma da cizon ƙwaro ke buɗewa, ita ce ta tabo. Mai baƙin tabo a ƙafa yakan ji an ce ga man da ke goge shi. Gaskiya ne sitiroyid mai ƙarfi yana sa fata ta yi haske, shi ya sa ake zuba shi a mayukan bilicin. Sai a fara da tabo ɗaya, a ga wurin ya fi kewayensa haske, a ce bari a daidaita, daga nan sai ƙafa duka, sai hannu, sai fuska. Ƙarshenta fata ta yi siriri kamar takarda, ƙurajen fuska su feso, rauni ya ƙi warkewa da wuri, in kuma an daina fuska ta ɗau zafi da ja har sai an koma. Wanda ke kai shi kusa da ido kullum yana iya jawo wa kansa hawan ruwan ido ko yana. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Tabon cizo kuwa, in an bar shi ba a ƙara sosa shi ba, da kansa yake dushewa, haƙuri kawai yake so.

Ba zan ɗora wa masu kemis laifin duka ba. Da yawansu abin da aka tambaya suke bayarwa, in sun ba da mai rauni ma sai a dawo a ce maganinsu ba ya ci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa lambarta a kan maganin da ta yi wa rajista, yana da kyau a duba lambar, amma lamba shaida ce cewa an san da maganin, ba ta ce ya dace da cizon sauro ko da jikin jariri ba. Wannan hukunci yana wuyan mai saye, mai saye kuwa sau da yawa bai iya karanta ƙananan baƙaƙen da ke jikin kwali ba. A nan ne mu ɗalibai da malamanmu muka shigo. In mun je gida, mu ake miƙa wa takardar asibiti da wasiƙa da kwalin magani a ce, "Kai da ka yi boko, duba mana." Ba sai ka karanta likitanci ba kafin ka riƙe sunaye uku: haidirokotizon na cizo ne, na 'yan kwanaki, ga babba, betametazon da kilobetasol na likita ne. In ka ga ɗayan biyun nan a kan tagar ɗakin mai jego, ko cikin kwandon kayan shafar ƙanwarka, ka yi tambaya cikin ladabi, tun yaushe, kuma don me. In an daɗe ana shafawa, kada ka ce a jefar a ranar, ka ce a je a ga likita da bututun a hannu.

Saboda haka, 'yan'uwana, damina na tafe, sauro kuma ba ya karɓar uzuri. A ɗinke gidan sauro tun yanzu, a shanya katifa, a yanke farce. Wanda ƙaiƙayi ya hana barci ya je kemis ya kira maganin da sunansa, ya karanta kafin ya biya, ya shafa kaɗan, ya ƙirga kwanakinsa. Abin da ya wuce mako bai warke ba, ya wuce cizo, a kai shi inda za a duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.